Dashen Haƙori Ga Mai Shan Taba: Yadda Ake Tsara Lokaci Kafin Aiki Da Bayansa

Shekara biyu da suka wuce na raka wani kawuna, mai sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine, wurin wani likitan haƙori a nan Kumasi, saboda haƙoran taunarsa biyu na sama sun daɗe da fita, haƙorin robar da aka yi masa kuma ya ishe shi da zamewa duk lokacin da ya zauna gaban tuwo da nama. Ɗansa da ke Jamus ne ya aiko da kuɗi, ya ce a yi masa dashe na dindindin. Likitan mutumin Akra ne, ba ya jin Hausa, Tonancinsa ma, wato yaren Ashanti, kame-kame ne, kawu kuwa Turancinsa bai wuce na ciniki ba, saboda haka ni na zama tafinta. Bayan an haska bakin an duba, sai likitan ya tambaya ko Alhaji yana shan taba. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, gaya masa jefi-jefi ne, idan aiki ya yi yawa." Na ɗan yi jim, sannan na ce, "Kawu, a gafarce ni, kwali guda a rana ba jefi-jefi ba ne, kuma kuɗin da za a zuba a bakin nan ba kaɗan ba ne." Bai sake ce mini uffan ba har muka sauka a Aboabo. Saboda gaskiyar da aka faɗa ranar, likitan ya ɗage aikin da wata biyu, kuma tsarin da aka bi tun daga lokacin shi zan shimfiɗa a nan, tare da dalilan da ke bayansa.

Mutane da yawa a zango suna haɗa dashe da haƙorin Makka, alhali abubuwa ne daban. Haƙorin Makka hula ce da ake sa wa haƙorin da ke nan da saiwarsa. Dashe kuwa ana yin sa ne inda haƙori ya fita ɗungurungum: likita yana buɗe dasashi, ya huda ƙashin muƙamuƙi, ya murɗa wata ƙusa mai zare irin na sukuru, wadda aka ƙera da ƙarfen titaniyom, tsawonta galibi tsakanin milimita 8 da 13, sannan a bar ta har ƙashi ya girma ya kama ta. Bayan haka ne ake ɗora mata kan haƙori na tangaran. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura a shekarun 1950 cewa ƙashin zomo yana manne wa titaniyom har ya gagara rabuwa, kuma a 1965 ya yi wa mutum na farko dashe. Wannan kamun da ƙashi ke yi yana ɗaukar kimanin wata uku a muƙamuƙin ƙasa, a na sama kuwa yana iya kai wa wata shida, domin ƙashin sama ya fi taushi.

Abin da hayaƙi ke yi a gindin ƙusa

Haƙorin da Allah Ya halitta ba a manne yake da ƙashi kai tsaye ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashi akwai siririn shimfiɗi na zaruruwa, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba, cikinsa kuma akwai ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin da ke sanar da mutum cewa akwai tsakuwa a cikin wake da shinkafa tun kafin haƙori ya fashe. Ƙusar dashe ba ta da wannan shimfiɗi. Ƙashi ne ke rungume da ƙarfe, dasashin da ke wuyanta kuma zagaye ta kawai ya yi kamar wuyan riga, bai kafa zaruruwansa a jikinta ba yadda yake yi wa haƙori na gaske. Saboda haka jinin da ke isa wurin ƙalilan ne tun asali, hanyar da ƙwayoyin cuta za su bi su gangara zuwa ƙashi kuma ta fi sauƙin buɗewa.

A kan wannan ƙarancin ne taba ke zuwa ta ƙara nata. Nikotin yana tsuke ƙananan hanyoyin jini. Iskar kabon monoksaid, wadda ke fita daga duk abin da ke ci da wuta, tana kama jajayen ƙwayoyin jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta yadda ɗan jinin da ya samu ya ratsa ma yakan iso da guzuri kaɗan. Ƙwayoyin halittar da ke gina sabon ƙashi suna yin sanyi, fararen ƙwayoyin jinin da ke gadin rauni kuma suna rasa kuzarin bin ƙwayoyin cuta su cinye. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan aikin gini ya san makomar ginshiƙin kankaren da aka zuba cikin hunturu aka manta da ban-ruwa: a ido ba shi da bambanci da sauran, sai ranar da aka ɗora masa nauyi. Jini shi ne ban-ruwan ƙashi a watannin farko, kuma idan bai wadata ba, wani nama mai laushi ne ke shiga tsakanin ƙusa da ƙashi maimakon su manne, ranar da aka zo ɗora haƙori a tarar ƙusar tana juyawa.

A 1993 wasu likitoci biyu, Bain da Moy, sun bi diddigin ƙusoshi 2,194 da aka dasa wa mutum 540, suka tarar kashi 11.28 cikin ɗari sun lalace a bakin masu shan taba, a bakin waɗanda ba sa sha kuwa kashi 4.76 ne. Binciken da aka yi ta tattarawa daga baya ya tsaya kusa da nan, wato haɗarin mai sha ya kai kimanin ninki biyu, kuma ɓarnar ta fi yawa a muƙamuƙin sama da kuma inda aka yi ƙarin ƙashi, wato aka cike wurin da ƙashi ya yi ƙaranci domin ƙusa ta sami wurin kamawa. Adalci ne a faɗa cewa alƙaluman nan suna nuna yawancin dashe yana kamawa ko a bakin mai sha. Sai dai wanda zai biya daga aljihunsa, ko daga gumin ɗansa da ke ƙetare, ya kamata ya san cewa idan ƙusa ta faɗi ba ita kaɗai take tafiya ba, takan tafi da wani ɓangare na ƙashin da ake buƙata domin sake gwadawa.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne ɓoye ɓarna da taba ke yi. Alamar farko ta ciwon dasashi ita ce jini a jikin buroshi ko asuwaki, kuma wannan jinin gargaɗi ne mai amfani, shi ke tura mutum asibiti tun abin yana ƙarami. Dasashin mai shan taba kuwa, saboda hanyoyin jininsa a tsuke suke, yakan yi fari-fari ko duhu, ya yi tauri, ya ƙi zubar da jini ko da ciwon ya yi nisa a ƙarƙashi. Haɗa wannan da cewa ƙusa ba ta da jijiyar jin zafi, sai ka ga mutum yana tauna nama hankali kwance alhali ƙashin da ke riƙe da haƙorin yana zaizayewa. Duk matakan da ke tafe an gina su ne a kan wannan: mai shan taba ba zai dogara da abin da yake ji a bakinsa ba, sai da kalanda da awo da hoto.

Kafin a taɓa bakinka

Ka fara da zaɓen likitan da ke da rajista a Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ghana, kuma kada ka ji nauyin tambayarsa sau nawa ya yi irin wannan aiki. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa a Kumasi ke kira Gee, yana da sashen lafiyar baki, jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) kuma tana horar da likitocin haƙori, saboda haka neman ra'ayi na biyu ba abu ne mai wuya a garin nan ba. Ka kuma shirya aljihunka, domin katin inshorar lafiya na ƙasa yana ɗaukar cirar haƙori da ciko mai sauƙi, amma haƙoran roba suna cikin abubuwan da aka cire, balle dashe.

Idan ka zauna gaban likita, ka ba shi lissafi, kada ka ba shi "jefi-jefi". Ka faɗi kara nawa kake sha a rana, shekara nawa ka yi kana sha, da lokacin da kake kunna na farko bayan tashi daga barci, domin wanda ke kunnawa cikin rabin sa'a da farkawa jikinsa ya fi kamuwa, kuma zai fi buƙatar magani wajen dainawa. Adadin yana da muhimmanci. A taron da masana ciwon dasashi na Amurka da Turai suka yi a Shikago a 2017, an sa kara goma a rana a matsayin iyaka: mai ciwon dasashi da ke shan goma ko fiye ana sa shi a rukunin waɗanda ciwonsu ke saurin cin ƙashi. Lissafin da za ka ba likita ya haɗa da shisha, da sigarin lantarki, da tabar gari da ake shaƙa ko ake cusawa tsakanin leɓe da dasashi, da duk wani abin da ake naɗewa a kunna. 'Yan mata da samarin da ke cewa ba sa shan taba, shisha kawai suke ja ranar Asabar, su ma maganar ta shafe su, domin zaman shisha yakan ɗauki minti 20 zuwa 80, hayaƙin da ake zuƙa a ciki ya ninka na karan sigari nesa ba kusa ba, gawayin da ke kai kuma yana ƙara kabon monoksaid, ruwan tulun ba ya tace shi.

Sai a gyara sauran bakin kafin a yi maganar ƙusa. A wannan taro na 2017 abubuwa uku aka fi samun hujja mai ƙarfi a kansu game da lalacewar ƙashin dashe: tarihin ciwon dasashi mai tsanani, rashin tsabtace baki yadda ya kamata, da rashin komawa duba a kai a kai. Taba tana daga manyan masu haddasa na farkon. Saboda haka a wanke dattin da ya daskare a gindin haƙora, a auna zurfin aljihun dasashi, wato ramin da ke tsakanin dasashi da haƙori, a kowane haƙori, a yi maganin inda ya yi zurfi, domin ƙwayoyin cutar da ke zaune a gindin tsohon haƙori su ne za su yi ƙaura zuwa sabuwar ƙusa. A gwada sukarin jini ma, musamman gwajin da ke nuna matsakaicin wata uku, domin sukari da taba idan suka haɗu a baki ɗaya kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Daga nan sai kalanda, kuma a nan ne ya kamata a zauna da biro. Akwai ma'auni biyu da aka sani. Shi Bain ɗin da na ambata ya fitar da tsari a 1996 na daina sha mako ɗaya kafin aiki da mako takwas bayansa, ya kuma nuna cewa waɗanda suka bi tsarin sakamakonsu ya yi kusa da na waɗanda ba sa sha. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a rahoton da ta fitar a watan Janairun 2020 game da kowace irin tiyata, ta ce amfanin yana fitowa sosai ne idan an daina mako huɗu ko fiye kafin aiki. A ganina mai hankali zai ɗauki mafi tsawo daga kowane ɓangare, wato mako huɗu kafin aiki da mako takwas bayansa, jimilla mako goma sha biyu, idan kuma a sama ne ko za a yi ƙarin ƙashi, ya miƙe har ranar da za a ɗora haƙori. Dalilin tsawon shi ne kowane abu da lokacin fitarsa: kabon monoksaid yana barin jini cikin kwana guda, nikotin cikin 'yan kwanaki, amma fararen ƙwayoyin jini da naman dasashi sai sun yi makonni kafin su dawo hayyacinsu.

Musulmin Kumasi yana da wata dama da ya kamata ya yi amfani da ita. Azumin Ramadan kwana 29 ne ko 30, wato mako huɗun da ake nema, kuma mutum ya riga ya saba riƙe kansa daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Matsalar ita ce da yawa suna buɗe baki da dabino da ruwa, kafin a tayar da sallar magariba sun kunna, sannan su rama na yini tsakanin tarawihi da sahur, wanda a wajen ƙashi bai bambanta da rashin dainawa ba. Wanda ya yanke shawarar cewa karan ƙarshe shi ne na daren da aka ga wata, ya sa ranar aiki a makon da ke bayan sallah, ya sami kashin farko na tafiyar cikin sauƙin da ba zai samu a wani wata ba. Wanda kuma aka cire wa haƙori jiya, kada ya ce zai jira azumi mai zuwa, domin ƙashin da ya rasa haƙori yana shanyewa, faɗinsa yana iya raguwa da kusan rabi cikin shekarar farko, mafi yawan raguwar kuma a wata ukun farko take faruwa. Shi ranar cirar ita ce ranar dainawarsa.

Kwana biyu zuwa uku na farko su ne mafi wuya, da ɓacin rai da rashin barci da ciwon kai, sannan abin ya riƙa sauka cikin mako biyu zuwa huɗu. Ƙishirwar taba idan ta taso mintuna kaɗan take yi ta lafa, saboda haka dabarar ita ce a san lokutan da take zuwa a tare ta. Ga mutanenmu lokutan sanannu ne: bayan koko da ƙosai da safe, bayan cin abinci mai nauyi, da zaman ataya da dare inda kowa ke miƙa wa na kusa da shi. Kawu ya ƙaurace wa majalisarsa ta ataya har mako shida, kuma ya ce wannan ya fi masa ciwo fiye da rashin tabar. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, amma ba ta shiga zauren abokai, saboda haka kai za ka gaya musu da bakinka cewa an yi maka aiki, kada a miƙo maka.

Neman magani ba gazawa ba ne. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yulin 2024 ta amince da filastar nikotin da cingam da alawarsa, da kuma ƙwayoyin barenikilin, bufurofiyon da saitisin, waɗanda likita ne ke rubuta su bayan ya duba lafiyar mutum. Gaskiya ne filasta tana ɗauke da nikotin, amma ba ta da hayaƙi, ba ta da zafi, ba ta da kabon monoksaid da dubban sinadaran da ke cikin sigari, kuma ta fi komawa ga kara nesa ba kusa ba. Ka sanar da likitan haƙorinka abin da kake amfani da shi, ka kuma ajiye cingam ɗin a makonnin da ɗinki ke baki. Wani abu da ke firgita mutane shi ne, bayan 'yan makonni da dainawa dasashi yakan fara zubar da jini wajen goge baki, har mutum ya ce ashe tabar ce ke riƙe masa baki. Ba haka ba ne. Hanyoyin jini ne suka buɗe, ciwon da ke ɓoye ya fito fili, kuma lokacin ne ya fi dacewa a je a wanke.

Game da goro, wanda shi ne abin da hannun Bahaushe ke kai wa idan ya ajiye sigari, babu laifi a makonnin kafin aiki in dai bai hana barci ba, amma bayan aiki taurinsa da ɓarɓashinsa ba su dace da sabon rauni ba. Komawa tabar gari kuwa sauya wurin zama ne kawai, domin tana zaune ne a kan dasashin kai tsaye, tana sa shi janyewa daga haƙori. Iyayenmu mata da har yanzu ke goga fure a haƙora tare da goro su tuna cewa furen taba ne, su ambata wa likita.

Ranar aiki da makonnin da ke biye

Bayan an gama, likita zai sa maka auduga ka cije na kimanin rabin sa'a, kuma abin da ake nema shi ne jini ya daskare a wurin, domin wannan gudan jinin shi ne gadon da sabon nama da ƙashi za su ginu a kai. Zuƙa tana iya tumɓuke shi, ko zuƙar sigari ce, ko ta shisha, ko ta tsinken shan lemo. A yinin farko kada ka kurkure baki da ƙarfi, kada ka riƙa tofar da yawu, kada ka kai harshe kana taɓa ɗinki. Wajen alwala ka ɗebi ruwa kaɗan, ka karkata kai ya zagaya da kansa, ka buɗe baki ya zuba. Kurkurar baki sunna ce a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, kuma malamin unguwa zai yi maka ƙarin bayani idan zuciyarka ba ta kwanta ba. Daga rana ta biyu sai ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi, a hankali, bayan kowane cin abinci. Idan an rubuta maka ruwan kurkure baki na kuloheksidin, ka yi amfani da shi iya kwanakin da aka ce, domin idan ya daɗe yana rina haƙora.

Abinci ya zama mai laushi kuma ba mai zafi ba: koko da ya huce, fura da nono, tuwo mai taushi da miyar kuɓewa, ƙwai, ayaba. Tsire, ƙashi, rake, aya, gyaɗa da goro su jira, kuma taunar ta koma ɗaya gefen. Kumburi yakan kai ƙarshensa a rana ta biyu ko ta uku sannan ya fara saɓewa. Idan zafi ya ƙaru bayan kwana uku maimakon ya ragu, ko wari ya taso, ko zazzaɓi, ko leɓe ya ci gaba da mutuwa bayan allurar ta sake, ka koma ranar, kada ka tsaya wurin mai kemis.

Lokacin da ya fi yaudara shi ne mako na biyu zuwa na huɗu. An cire zare, dasashi ya rufe, zafi ya tafi, mutum ya ga ya warke. A cikin ƙashi kuwa labarin daban ne. Ranar aiki ƙusar tana tsaye ne da ƙarfin murɗawa, kamar sukuru a cikin katako, sai jiki ya fara narkar da tsohon ƙashin da ke manne da zaren ƙusar domin ya maye gurbinsa da sabo, kuma akwai tsakanin da tsohon ya saki, sabon bai gama kamawa ba. A wannan tsakanin ne ƙusa ta fi rauni, kuma a daidai nan ne yawancin masu sha ke cewa kara ɗaya ba zai yi komai ba. Kawu ya zame a mako na biyar, a wajen zaman makoki a Asawase, ya sha biyu. Abin da ya yi daidai shi ne bai mayar da zamewar ta zama komawa ba: ya ba da sauran kwalin, ya kira ni da daddare ya ce, "Ɗana, gobe ka gaya wa likitan nan abin da ya faru, ni kunya nake ji." Likitan ya ƙara mako huɗu a kan lokacin jira kafin ɗora haƙori.

Bayan an ɗora haƙori

Ranar da aka ɗora kan haƙorin, ka nemi a ɗauki hoton eksire, a kuma auna zurfin dasashin da ke kewaye da shi a rubuta. Wannan shi ne ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi. Bayan ɗan zaman da ƙashi ke yi a shekarar farko, ƙa'idar da likitoci suka daɗe suna aiki da ita tun 1986 ita ce kada raguwar ta wuce milimita 0.2 a shekara, abin da ido ko harshe ba za su taɓa ganewa ba.

Ciwon gindin dashe hawa biyu ne. Na farko kumburin dasashi ne kawai, ƙashi bai taɓu ba, kuma yana warkewa sarai idan an wanke an gyara yadda ake goge baki. Na biyu, wanda likitoci ke kira feri-imfilantaitis, shi ne lokacin da ƙashi ya fara zaizayewa kamar kwano a kewayen ƙusa. Idan babu tsohon hoto, ana gane shi da jini ko mugunya wajen awo, da zurfin milimita 6 ko fiye, da ƙashin da ya sauka milimita 3 ko fiye. A ƙusa mai tsawon milimita 10 wannan kusan sulusi ne, kuma ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo duka ko da an yi tiyata. Mai shan taba, ko wanda bai daɗe da dainawa ba, yana iya tsallake hawan farko bai sani ba saboda dalilin da na faɗa a baya, shi ya sa komawa duba duk wata uku ko huɗu ya fi dacewa da shi, maimakon wata shida da ake ba sauran mutane.

A gida, buroshi mai laushi sau biyu a rana, da ɗan ƙaramin buroshin da ke shiga tsakanin haƙora, wanda likita zai zaɓa maka girmansa. Asuwaki yana da kyau ga sauran baki, amma ba ya shiga ƙarƙashin kan dashe inda datti ke taruwa, kuma zaruruwansa suna iya maƙalewa a wurin, saboda haka kada ya zama shi kaɗai. Sau ɗaya a mako ka tsaya gaban madubi da fitilar waya, ka danna dasashin da yatsa mai tsabta daga sama zuwa bakin haƙori, ka duba ko wani farin ruwa zai fito, ko launin ƙarfe ya fara leƙowa, ko abinci ya fara maƙalewa inda da ba ya yi. Idan haƙorin ya yi motsi, wani lokaci ɗan sukurun da ke riƙe da kan ne ya kwance, wanda gyaran mintuna ne, amma idan ƙusar ce da kanta ke motsi babu sauran magani sai cirewa, kuma likita ne kaɗai zai bambance.

Wanda ya auna kansa ya ga ba zai iya ajiye taba ba a yanzu, ra'ayina shi ne ya dakata da dashe, ya yi haƙorin roba mai kyau ko gadar da ake ɗorawa a kan haƙoran gefe, ya ajiye kuɗinsa zuwa lokacin da ya shirya. Rage sha daga ashirin zuwa biyar ya fi babu, kuma akwai likitocin da za su yarda su yi aikin a haka bayan sun sa ka sa hannu cewa an yi maka bayanin haɗarin, amma ka karanta takardar da kyau, domin sau da yawa tana nufin idan ƙusa ta faɗi kai za ka sake biya.

Hoton eksire na ranar farko kuma kada ka bar shi a asibiti kawai. Ka karɓi kwafi, ka ɗauke shi a waya, ka rubuta sunan kamfanin da ya ƙera ƙusar da tsawonta da kaurinta, domin kowane kamfani da irin sukurunsa da makullinsa, kuma idan ka koma Akra ko Tamale, ko likitanka ya bar gari, wanda zai karɓe ka zai buƙaci waɗannan kafin ya iya kwance ko da kan haƙorin. Na kawu yana cikin jakar fasfonsa, tare da katin da aka rubuta ranar komawarsa ta gaba.